Ranar da Na Kira Sunan Malam

Jikana ya cika shekara uku bai taɓa cewa ko "ruwa" ba. Ina cikin takaba aka haife shi, sai aka sa masa sunan mijina. Har yau in na tuna Malam sai hawaye, ba na ɓoyewa.

Uwarsa ce ta matsa, muka hau keke napep daga Wuro Patuji zuwa asibiti, wajen wata malama mai koya wa yara magana. An duba kunnensa, lafiya lau. Malamar ta ce, "Mama, da wane suna kuke kiransa?"

Na ce ni Maigida nake ce masa, uwarsa tana ce masa Baba, maƙwabta kowa da nasa.

"To, sunansa na yanka fa?"

Na ja mayafi na rufe baki. Shekara arba'in ina ɗakin Malam, sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. Uwar ma ba ta faɗa, na surukinta ne.

Malamar ta ce, "Mama, ke kike wuni da shi. Ki durƙusa daidai idonsa, ki kira sunansa, suna ɗaya kullum. Kada ki miƙa masa abu sai ya nema. Ku yi ta kukan dabbobi tare."

Kwana uku ina akuya, ina saniya, ina zakara, ni da haƙorana huɗu! Har maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce, "Iya, kasuwar shanu ta dawo gidanki ne?" Yaro yana ta dariya, amma magana babu. Sunan kuwa na kasa.

Rana ta huɗu da hantsi ya ba ni baya yana wasa da ƙasa, ina riƙe da kofin kununsa. Na durƙusa, gwiwa na ƙara, na faɗi sunan, cikin kunya kamar amarya.

Ya juyo. Ya miƙo hannu, na riƙe kofin gam, hawayena na zuba. Ya ɓata rai, ya dube ni, ya ce, "Nunu."

Wayyo! Na fita titi ba takalmi ina guɗa, ina cewa, "Ya ce kunu! Jama'a, ya ce kunu!" Sai da na kai bakin rijiya na ga ashe kofin yana hannuna, yaro yana biye da ni yana ihun nunu.

Yanzu sau ashirin nake kiran sunan a wuni. Malam, ka yafe mini. Allah Ya kai haske kabarinka.