Rijiyar da Kawu Ya Sa a Akwatin Shayi

Akwai wani wari da dalma ke yi idan ta narke a bakin ƙarfe mai zafi, ɗaci-ɗaci, kamar an jefa ƙaro a wuta. Duk inda na shaƙe shi a duniya, a Tamanrasat ne ko a Ikko, zuciyata sanyi take yi, don warin kawuna ne. Ran Talatar da ta wuce na shaƙe shi a zauren gidana a Tanut, da hantsi, ina dawowa daga kasuwa. Tun daga ranar abinci bai ƙara yi mini daɗi ba. Zauna in faɗa maka dalili, ko na huce. Ban yi alkawarin hucewa ba.

Kawu shi ne autan su Inna. Gyaran rediyo yake yi a wata rumfar kara cikin gidanmu, a ƙauyenmu na kwarin Tarka, can wajen Belbeji. Bai taɓa shiga lakwal, makarantar boko, ba. Ƙarfen liƙinsa wata babbar ƙusa ce da ya daddake kanta ya sa mata ƙota, yana cusa ta cikin garwashin da yake dafa shayi. Ina ɗan shekara goma sha uku lokacin, kuma duk abin da na ci abinci da shi daga baya a ƙasashen mutane, a rumfar nan na tsince shi.

Wata shekara da kaka, lokacin da makiyaya ke gangarowa sayen gero, wani Ba'abzine ya sauka wajenmu. Daga Aljeriya ya dawo, da jita a cikin buhu. Bai zo da gyara ba, ƙorafi ya kawo.

"Ƙasarku ba ta da ladabi," in ji shi. "A duwatsunmu in ka yi sallama ana amsa maka. Nan kuwa rairayi haɗiye kiɗa yake."

Kawu ya ce, "Ba ka gaida babbar garin ba ne. Taso."

Ya kai shi bakin rijiya. Ka san rijiyoyin Damargu: tamu gaba arba'in ce, raƙumi ke jan guganta, sai ya yi nisa kafin ruwa ya iso baki. Kawu ya sunkuya ya tafa hannu sau ɗaya. Rijiya ta ɗan yi shiru, sannan ta mayar masa, ta ƙara mayarwa a hankali, ta ƙara, har ya ɓace. Ba'abzinen ya gyara rawaninsa ya ce wannan yake nema. Kawu ya ce ya tafi ya dawo da bazara, zai tarar an sa masa ita a akwati.

Gawar rikoda uku ya farke. Ya samo akwatin katako na ganyen shayi, ya kafa kwarkwaron zare huɗu a ciki, ya yanko zaren kaset kamu guda ya haɗa bakinsa da bakinsa, ya zama zobe mai zagaya kwarkwaron ba iyaka. A kan hanyar zaren ya jera kai uku na rikoda, 'yan ƙarafan da zaren kaset ke bi ta kansu. Na farko yana goge abin da ke kai, na biyu yana ɗaukar sabo, na uku yana maido da shi. Ɗan tsakanin na biyu da na uku shi ne zurfin rijiyar. Ya cire makunnin fitila na ƙafa daga wata matacciyar Landuroba ya kafa a gefe, don mai kiɗa ya taka, hannuwansa suna kan tsirkiya. Wuta kuwa daga batirin kamyo, babbar motar kaya. Jitar ba ta lantarki ba ce, sai ya manna mata ɗan makirfon rikoda da ƙaro.

Awon ne ya ci wata huɗu. Kullum da safe sai ya je rijiya ya tafa, ya dawo yana maimaita tazarar da harshe, "tak... tak," ba ya amsa gaisuwar kowa kada ta zube masa a hanya. Ya matsar da kai na uku faɗin ƙwayar gero, ya saurara, ya tsaki, ya koma. Mata a bakin rijiya suka ce aljanar ciki yake nema da aure.

Ranar da ta yi daidai, zafi ya riga ya sauka. Inna tana surfe a gindin rumfar. Kawu ya taka makunnin ya taɓa tsirkiya ɗaya, sai ga rijiyarmu a tsakar gida. Inna ta saki taɓarya.

"Auta, wallahi sai ka ƙona mana gida!" Ta fashe da dariya.

"Yaya, in ya ƙone ga rijiya nan kusa."

Ya ɗaga ƙafa, zaren ya tsaya. Washegari ya tashi da ciwon wuya. Sanƙarau ne. Kwana uku aka kai shi kushewa.

Bayan sadakar bakwai na buɗe akwatin, na tuna abin da ya koya mini: zaren yana riƙe da abin da aka yi masa na ƙarshe, in aka sake takawa kai na farko zai share shi. Jar waya ɗaya ce ke kai wuta ga mai gogewa da mai ɗauka. Na sa wuƙa na yanke ta, sannan na taka. Tsirkiya ɗaya, dariyar Inna, amsar Kawu, su zagayo, su sake zagayowa. Ba'abzinen da ya dawo ya saurara sau ɗaya, ya ɗauki jitarsa, ya ce akwatin ya riga ya sami mai shi. Bayan shekara biyu Inna ta bi ƙanenta. Babu hoton ko ɗayansu a duniya. Kamu guda na zaren kaset, shi ke nan abin da ƙasa ta rage mini.

Na yi gyaran rediyo a Sabha, na yi a Ikko, na yi shekaru ina liƙa waya a wata masana'anta a Faransa. A can na ga akwatunan amsa-kuwwa da ake sayarwa, masu fenti da lambobi, na ji mawaƙa suna rigima a kan wanne ya fi ɗumin murya. Ban ji wanda ya kai na Kawu ba, don su da ma'auni suka auna, shi da rijiya. Amma abu ɗaya na gani wajen Faransawa da ya kamata in ɗauko ban ɗauko ba. Su ko tsohon cokali suka ajiye sai sun rataya masa takarda: na wane ne, kada a taɓa. Balarabe zai tara 'ya'yansa ya ba su labarin abin har su gaji. Mu fa? Mu sai mu naɗe abu a tsumma mu tura ƙarƙashin gado, mu yi shiru, wai kunya, wai namiji ba ya zancen uwarsa. Shekara arba'in da ɗoriya ina canza wa injin akwatin roba, ina kunna shi sau ɗaya a shekara bayan na rufe ƙofa. Matata ma ta ɗauka kayan aiki ne.

Jikana yana kaɗa jita a gidajen biki. Ya fi shekara yana neman haɗa irin akwatin nan da kansa, yana kallon yadda ake yi a wayarsa, yana aike Damagaram a sayo masa ƙananan kaya, yana ƙona su. Na gani. Na san abin da ke ƙarƙashin gadona. Ban ce masa komai ba.

Ran Talatar na shigo zaure, ga wari, ga akwatin shayi a buɗe, ga ɗan makirfon manne a jitarsa. Ya ɗago yana washe baki.

"Tsoho, ashe dukiya kake kwana a kai kana barina ina wahala? Waya ɗaya ce tak ta tsinke. Kai da ka gyara wa Nasara rediyo, wannan ta gagare ka? Na liƙe maka, kyauta."

Ƙafarsa tana kan makunnin. Zaren yana zagayawa.

Abin da ya fito daga bakina ban taɓa faɗa wa ko jaki ba. Ya zabura ya ɗaga ƙafa. Na ture shi, na fizge jar wayar da hannu, dalmar ba ta ko huce ba, ga tabon nan a yatsana. Na taka ina roƙon Allah ya bar mini ko rabin dariyar.

Babu Inna. Babu Kawu. Sai wani tsoho yana kururuwa: "Kashe! Kashe, ɗan banza, Allah ya tsine wa hannunka!" Ya zagayo. Ya sake zagayowa.

Ina fushi da yaron, kada ka ce ba na yi. Wa ya aike shi ƙarƙashin gadona? Yaran yanzu duk abin da suka gani a yanke sai sun liƙe, ba sa tsayawa su tambayi wanda ya yanke. Amma da na faɗa masa muryar wa ya goge, sai ya zauna a ƙasa ya rufe fuska, can ya ce, "Kaka, da ka faɗa mini ko sau ɗaya."

Kwana shida akwatin yana gabana da tsinuwata a ciki. In na mutu gobe, ita ce muryar da za su gada. An kafa famfo a ƙauyenmu, an rufe bakin rijiyar da siminti, ba sauran inda za a je a sake awo. Zurfinta yana nan ne kawai tsakanin kawunan nan biyu.

Yau da safe na kira shi. Na sa ƙusar Kawu a garwashi, na miƙa masa jar wayar.

"Liƙe. Kada ka taɓa kai na uku, ko da faɗin ƙwayar gero."

Ya liƙe. Ya ɗauki jita ya tsaya yana dubana.

"Me kake jira? Taka mana. Ni dai ba zan saurara ba."

Na fita na tsaya a bayan ƙofa.