Wayar da Na Ɓoye a Ƙwaryar Kitso

Ni mai kitso ce a Dangora. A da, babu inda mata ke sakin baki kamar tsakar gidana. Mace in ta cire ɗankwali ta ɗora kai a cinyarki, abin da ke ranta ma fitowa yake yi. Nakan ji, in yi shiru, in ci gaba da tsaga.

Wata shekara da zaɓe ya matso, wata Hajiya ta zo daga birni, ta ce aikin hukuma take yi, amma ba ta faɗi ofishinsu ba. Ta ce, "Maman Sadiya, damuwar talakawa kawai muke son ji. Ajiye wannan wayar kusa da ke, ba sai kin taɓa komai ba." Ban taɓa riƙe babbar waya ba. Na sa ta cikin ƙwaryar da nake ajiye kibiya da man kitso, na rufe da tsumma.

Maƙwabciyata Talatu, wadda muka yi goyo tare, ta zo kitso. Cikin hira ta ce mijinta ya rantse zai tara manoma su yi ƙorafi kan takin da aka karkatar. Ba a jima ba aka ɗauke shi daga gona, aka maimaita masa maganar da ya yi a ɗakinsa. Talatu ta dawo tana kuka. "Yaya, wa ya ji mu? Ni kaɗai fa ya gaya wa." Na ce, "Allah ya tona asirin ko wane ne." Hannuna yana cikin gashinta.

Maimakon in tsorata, sai na koyi sauraron abin da wayar ta ɗauka. Na fara tsare mata ɗaya bayan ɗaya: kawo atamfa, ko mijinki ya ji abin da kika ce. Wata ta gaji ta kai ƙara. Na nemi Hajiya, layinta a kashe. A kotu muryata aka kunna, ina yi wa matar barazana. Ashe wayar ba ta ware ni ba, har ni take ɗauka.

A gidan yari na shiga ajin yaƙi da jahilci. Wata rana malamarmu ta karanta mana ƙagaggen labarin wata ƙasa da hukuma ke sauraron kowane ɗaki, har miji yana tsoron matarsa. Mata suka yi ta dariya, wai tatsuniya ce. Ni ban yi dariya ba. Na san a garinmu da wa aka yi wannan aikin.

Da na fito, gidan Talatu na fara zuwa, na durƙusa na faɗa mata komai. Mijinta ya dawo, amma ko a ɗakinsa da raɗa yake magana.

'Ya'yana, duk wanda ya ba ku waya kyauta don ku jiyo masa maganar mutane, ku mayar masa tun a ƙofa. Ba zai tsaya muku ba ranar da ta ɓaci.

Na koma kitso. Yanzu ƙwaryar tana zaure, kowace mace a nan take barin wayarta, tawa ce ta farko. Talatu ta zo kwanan baya. Ta cire ɗankwali, ta zauna, har na gama ba ta ce uffan ba. Ba zan gaji ba. Zan yi ta yi mata kitso har ranar da za ta sake cewa, "Yaya, kin ji wani abu?"