Ishiyaku Mai Ƙugiya da Munduwar Dije

A garin Fammar in igiya ta tsinke guga ya faɗa rijiya, mace ba ta tsayawa dogon salati, sai ta aika gidan Ishiyaku. Shi kuwa ba ya zuwa da gudu, don a cewarsa abin da ya riga ya kai ƙasa ba inda za shi. Zai taho da igiya a kafaɗa, ƙugiyarsa mai baki huɗu tana reto a bayansa, ya zauna a bakin rijiyar ya zura, ya lumshe ido kamar mai sauraron tafsiri. Da yatsa yake gani. Can sai ka ji ya ce, "Wannan ba guganki ba ne, wata tsohuwar kwalla ce," ya sake lalube.

Ɗan guntu ne, siriri, kamar da awon bakin rijiya aka yi shi. A wurin kawunsa ya koyi aikin a Kahu, tun ana haƙa da diga da ƙwarya. Da damina noma yake yi kamar kowa. In bazara ta yi, ruwa ya ja baya, sai a yi ta kiransa yasar rijiya, daga Kibiya har Dawaki da cikin Rano, ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka ya kwashe laka. Kuma yana da doka guda da ya gada wurin kawun nan: duk abin da ya fito wanda ba shi aka aike shi nema ba, sai ya kifa masa ƙwarya a bakin rijiya, mai shi ya faɗi alama tukun a buɗe. Ko cokali ne. An taɓa kai shi ƙara wurin mai unguwa a kan murfin buta.

Rijiya ɗaya ce ta gagare shi duk rayuwarsa, ita ce Rijiyar Tsamiya da ke bakin gari. Idonta mai ƙarfi ne, ba a taɓa ganin gindinta ba ko a shekarar fari. A nan ne, yana saurayi bai daɗe da fara riƙe ƙugiya ba, wata budurwa mai suna Dije tana jan ruwa munduwarta ta azurfa ta zame daga hannu ta faɗa. Ta juyo ta gan shi tsaye yana kallon abin da ba ruwa ba, ta ce, "Kai ne mai ƙugiyar? To in ka isa ciro mini." Ya yini yana zurawa. Ya ciro guga biyu da ƙahon rago. Munduwa ta shige laka, ƙugiya ba ta kama abu siriri haka.

Dije ta aure shi duk da haka, amma ba ta yafe ba. Shekara arba'in da ɗoriya, in ya dawo yana ba da labarin yadda ya ciro agogon wani alhaji a Rano, sai ta ci gaba da tankaɗenta ta ce, "Sannu da aiki, Malam. Na mutane dai ba ya yi maka wuya." In ya yi mata faɗan gishiri ya yi yawa a miya, sai ta ɗaga hannunta na hagu ta juya shi tana duban gurbin munduwar. Sai ya cinye tuwonsa.

Da mulkin farar hula ya dawo, kansila ya haƙa wa unguwa rijiyar burtsatse da famfon tuƙa-tuƙa. Mata suka koma can, Rijiyar Tsamiya ta zama ta ƙadangaru. Bayan 'yan shekaru akuyar wani ta faɗa ciki, dattawa suka zauna suka ce gobe ɗan mutum ne, a zuba mata murfin siminti kafin ruwan farko. Ranar da Ishiyaku ya ji, bai iya cin abincin rana ba. In aka rufe, an rufe da munduwar ke nan, shi kuma zai shiga kabari da gorin Dije a wuyansa.

A cikin wannan damuwa ne maƙwabcinsa Ɗanmalam, direban motar haya ta Rano zuwa Kano, ya dawo da na'urar kallo da ɗan janareto da tarin faifai da ya saya a rumfa ɗaya ba tare da ya zaɓa ba. Lokacin Shari'a ta kankama, kowa yana kaffa-kaffa da abin da zai kalla, shi ya sa Ɗanmalam ya ɗauko wani mai hoton zane, ya ce wannan dai ba mutane ba ne, ba mai cewa komai. Bayan la'asar ya kunna a zaurensa, ya kira Ishiyaku don ya ɗebe masa kewa.

Zanen mutanen Japan ne, da yarensu suke magana, sai rubutun Turanci da ke wucewa a ƙasa, wanda Ɗanmalam ke kamo ɗaya ya saki uku.

"Baba, ka ga waɗannan 'yan fashin teku ne, na zamani. Wai akwai wani jirgin yaƙi na Turawa mai tafiya a ƙarƙashin ruwa, ya nutse tun yaƙin duniya. Shi za su shiga su kwaso kaya."

"Tun yaƙin Bama?" in ji Ishiyaku. "Ai ya zama ƙasa."

"To kalla mana."

Ishiyaku ya kalla, amma ba irin kallon sauran ba, kallon ɗan sana'a ya yi. Da mutanen suka faɗa ruwa ya dafe ƙirji.

"Ina igiyarsu? Wa ke riƙe da su a sama? Kai, waɗannan ba su da uwa ne?"

"Tukunyar iska ce a bayansu, Baba."

"Ko tukunyar tuwo ce, ba a sauka ba igiya."

Da suka kutsa cikin jirgin, fitilarsu ta haska ƙasusuwan sojoji zaune a inda ajali ya same su, sai ya cire hula ya yi ta jan innalillahi, har ya nemi a tsayar da faifan ya tambaya ko an san addininsu. Da ya ga ana cusa kayan mamatan a jaka kuwa, ransa ya ɓaci sosai.

"Ba cigiya? Mutanen nan ba su da magada? Waɗannan ai ɓarayi ne!"

"Haba Baba, tun farko fa na ce maka 'yan fashi ne."

"Ka ce 'yan fashi, ba ka ce marasa tarbiyya ba."

Amma abu ɗaya ya tsaya masa a rai, har ya sa aka maimaita masa wurin. Kayan nan da suka fi shi daɗewa a duniya, ga su nan garau a gindin teku, ƙarfe yana nan ƙarfensa. Ya fito daga zauren yana magana shi kaɗai. In ruwan gishiri bai cinye na Bature ba, ruwan Fammar mai daɗi ne zai cinye azurfar Dije? Tana nan. Abin da ya rage shi ne numfashi.

Tukunyar iska dai ba a sayar da ita a kasuwar Kibiya. Sai ya aro doguwar tiyo a wurin masu noman rani, ya ce zai sa bakinta ɗaya a bakinsa, Ɗanmalam ya riƙe ɗayan a sama. Suka tafi gwaji a kududdufin bayan gari da hantsi. Ishiyaku ya ɗaura dutse a ƙugu, ya yi bismillah ya nutse. Ba a kai ko'ina ba ya ɓullo yana tari, ido jajir, ya ce wani ya zauna masa a ƙirji. Ɗanmalam ya ce to bari a taimaka wa iskar, ya ɗauko famfon da yake ba tayar motarsa iska ya haɗa. A karo na biyu Ishiyaku ya fito da kumatu kamar na mai busa algaita, ya kwana biyu yana gyatsar roba.

Labari ya riga shi isa gida. Ya tarar da Dije a tsakar gida tana tsinkar zogale.

"An ce ka zama taya."

"Ke dai bari."

"Malam, da girmanka da furfurarka? In ka mutu a kududdufi me zan ce wa jikokinka? Kakanku zane ya kalla?"

"Munduwarki nake nema. Za a rufe rijiyar."

Hannunta ya tsaya a kan zogalen. Sannan ta ce, "Ka je wurin masu noman rani ka aro tiyo, ka bar injin da ke jikinta. Dole sai kai ka shiga ruwan? Shi ruwan ba ya fita?"

A da ba wanda zai yarda a zuƙe rijiyar da gari ke sha saboda munduwa, shi ya sa tunanin bai taɓa zama a kan Ishiyaku ba. Yanzu kuwa ko akuya ba ta sha.

Aka aro injin ban-ruwa biyu, aka girke su nesa da bakin rijiyar saboda hayaƙi. Tun bayan sallar asuba suke zuƙa, ruwa na malala cikin gonaki, idon rijiya na mayarwa, suna rige-rige har rana ta take. Gari ya taru, don ba wanda ya taɓa ganin gindin Tsamiya. Da laka ta bayyana, Ishiyaku ya zura fitila ya ga ba ta mutu ba, alamar akwai iska a ƙasa, ya ɗaura igiya, ya damƙa wa Ɗanmalam bakinta.

"In ka saki, motarka ba za ta ƙara tashi ba."

"Dama sai an tura ta, Baba."

Ya sauka. Guga ya fara hawowa da baƙar laka, ana zubewa ana tonawa, kuma ko daga can ƙasa muryarsa na tasowa: "A kifa ƙwarya! Kada wanda ya taɓa!" Ƙore suka ƙare aka koma faifayi. Da aka zo faɗin alama, sai dariyar da aka taho da ita ta ragu. Wani dattijo ya ce akwai ludayin ƙarfe mai lanƙwasasshen hannu, na gyatumarsa ne, yana yaro ya jefa don ya ji ƙararsa. Aka buɗe, ga shi. Ya riƙe ya juya baya yana share ido da hannun riga. Tasoshi, makullai, wuƙar wanzami, galibin masu su sun daɗe a maƙabarta. Liman Malam Alu, da ya zo kallo kawai, ya tsinci kansa yana rabon gadon tsohuwar tasa tsakanin jikoki tara.

Ruwa ya fara dawowa ya kai wa Ishiyaku ƙirji, ana ta yi masa magiya ya fito, sannan ya ja igiya. Ya hawo laka har gira, haƙora kaɗai ake gani. Ya sa hannu a aljihu, ya ajiye wani abu a ƙasa da sauri, ya kifa ƙwarya a kai.

"Munduwa ce," ya ce. "Mai ita ta faɗi alama."

Kowa ya juya wajen Dije. Ta matso tana gyara mayafi.

"Ta azurfa ce."

"Sai me?"

"Zagayayya."

"Akwai munduwa mai kusurwa ne?" in ji Ɗanmalam. Aka kwashe da dariya.

"Malam, shekara nawa? Na manta zanen jikinta. Ba ni abata."

Liman ya ce, "Ishiyaku, ba ta mana. Wa bai san labarin nan ba a garin nan?"

Sai wata tsohuwa, Lubabatu, ta yi gyaran murya ta ce ita ba rigima take nema ba, amma yayarta marigayiya ma ta taɓa yar da munduwar azurfa a rijiyar nan, kuma 'ya'yanta suna Kano.

Ishiyaku ya san ta Dije ce. Ya san ɗan tabon da ke kusa da bakinta, don ya kalli hannun da ke sanye da ita fiye da yadda ya kalli munduwar. Amma wanda ya tsinta ba ya yi wa matarsa shaida, kuma kwana nawa da ya gama zagin mutanen Japan a kan haka.

"Allah gafarta Malam, mene ne hukuncin tsintuwa?"

Liman ya dube shi da tausayi. "Cigiya. Shekara guda."

"To a yi."

"Ishiyaku!" Ranar ce kaɗai aka ji Dije ta kama sunansa a bainar jama'a.

Aka rufe rijiya da siminti. Munduwa ta koma hannun liman a ƙulle cikin tsumma, duk Juma'a bayan an sallame ladan ya yi cigiya. Ɗanmalam ya kai saƙo Kano, 'ya'yan marigayiyar suka zo, ɗaya ya ce mai kan maciji ce, ɗaya ya ce ai ta tagulla ce ma, suka sha fura suka koma. A gida kuwa shekarar nan Ishiyaku ya ji jiki. Da can gorin bai ciro ba ake yi masa, yanzu ya koma ya ciro ya ba liman.

Da bazara ta zagayo, Malam Alu ya kira shi ya ce ba wanda ya kawo alama, yanzu zaɓi nasa ne, ko ya riƙe ko ya yi sadaka da ita. Ishiyaku ya karɓa ya nufi gida, ya yi sallama a ƙofar ɗakin matarsa kamar baƙo.

"Ga sadaka an ce a ba mabuƙaci."

"Sadaka? Da abata?"

"In ba kya so akwai Lubabatu."

Ta fizge. Ta zauna ta dirje ta da toka da lemon tsami har ta yi fari, ta juya ta ga tabon, ta ce, "Af, ga shi nan kuwa, ƙofar gidanmu ce ta datse ta." Ta zo sawa hannu ya ƙi, don hannun budurwa daban, na mai jikoki daban. Ya ce a kai wa maƙeri ya buɗa, ta ce ba mai ƙara fita da ita daga gidan nan. Ta shafa man gyaɗa, ta cije leɓe, shi yana turawa tana ce masa mugu, har ta wuce.

Ta ɗaga hannun tana juyawa a hasken ƙofa. Can ta ce, "To yanzu da me zan riƙa yi maka gori?"

"Ba za ki rasa ba," in ji shi.

Ba ta rasa ba kuwa. Kafin magariba an ji ta ta katanga tana faɗa wa matar Ɗanmalam cewa ita dai ba ta taɓa ganin aiken da ya daɗe kamar wannan ba.