Lafiya Lau a Kan Dutsen Tamgak

Litinin

Ƙarfe biyar saura kwata muka bar Matameye, ni da Yaya Isufu, wana. Shi ya matsa sai mun ga Dutsen Tamgak da ke gandun dajin Abzin, alhali yana fama da ciwon fuka. Matarsa ta biyo mu har tasha, ta danƙa mini maganinsa na shaƙa. Kafin Damagaram ya karɓe abinsa, wai shi ba yaro ba ne. Shingen jandarma huɗu muka wuce, muka isa Agadas bayan magariba.

Talata

Yini guda cikin kat-kat, motar shiga daji, ga rairayi ga duwatsu, har Iferwan. Wani Ba'abzine mai suna Agali, ma'aikacin gandun, ya sauke mu da cuku da shayi. Shi zai yi mana jagora.

"Akwai mai ciwo cikinku?" ya tambaya.

"Lafiya lau," in ji Yaya, ya harare ni. Ban ƙaryata shi ba, abin da har yau nake jin haushin kaina a kai.

Laraba

Ƙarfe shida muka kama hawa. Hanyar ta akuya ce, dama dutse, hagu rami. Duk rabin awa Agali kan waiwayo ya ce, "Lafiya?" Shi tambaya yake da gaske. Mu kuwa a gida ko mutum na kan gadon likita amsar ɗaya ce, kuma ita Yaya ke ba shi.

Sha ɗaya da rabi muka kai inda ake tsayawa kallo. Kwari ya shimfiɗu ƙarƙashinmu, itatuwan dabino kamar tsintsiya, can nesa rairayin hamadar Tenere. Ban ƙare kallo ba na ji wani fito a bayana. Yaya ne zaune, leɓɓansa sun yi toka.

"Ina maganin?"

Ya nuna ƙasa. Yana aljihun babbar rigar da ya tuɓe a mota.

Agali ya durƙusa gabansa. "Malam, ba gaisuwa nake ba. Lafiya?"

Yaya ya daɗe yana neman iska, sannan ya ce, "Babu."

Agali ya goya shi da rawaninsa, ni na riga su gangarawa, ina zamewa ina salati. Awa biyu na kai mota, na ɗauki maganin, na juyo na tarye su a tsakiyar hanya. Sai a shaƙa ta uku fiton ya lafa.

Asabar

Da la'asar muka shigo Matameye, mun gode Allah, Agali kuma Allah ya saka masa. Matar Yaya ta tarye mu a zaure.

"Yaya hanya?"

Yaya Isufu ya buɗe baki, na zuba masa ido. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Zauna in gaya miki."