Surin Da 'Yar Ajina Ta Fasa a Kaduna

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga ƙofar makarantarmu ta firamare a Tudun Wadan Zariya, ni da 'yan aji huɗu da nake koyarwa, da abokin aikina malamin lissafi. Kaduna muka nufa, wani gidan adana kayan tarihi da halittu, inda na ji akwai ɗaki guda da ake barin yara su taɓa abubuwa da hannunsu. Wata biyu na yi ina zarya kafin hedimasta ya sa hannu, shi ma da sharaɗi. Ya ce irin wannan yawo na 'yan makarantar kuɗi ne, namu ɓarna kawai suka iya. Idan aka karya ko tsinke ne, to an rufe maganar fita muddin yana kan kujerar nan. Na ce na ji. A raina kuwa na ce sai mun je mun dawo ka gani.

Saboda wannan sharaɗi na kwashe mako guda ina horar da yaran: hannu a baya, baki a rufe, ba a taɓa komai. Har amsa mini suke yi baki ɗaya kamar masu hadda.

Bas ɗin da muka samu tsoho ne, da igiya ake ɗaure ƙofarsa. Iyaye mata kuma sun cika jakunkunan yara da dambu da awara da dafaffen ƙwai, sai ka ce Makka za mu. Kafin mu bar Ɗan Magaji rabin guzurin ya shige ciki. Damina ta yi kyau, masara ta rufe hanya dama da hagu har Jaji, yaran suna ta nuna shanu ta taga kamar ba a Zariya aka haife su ba. A Maraban Jos muka tsaya shan iska. Kuɗin da bara zai ba ka gasasshiyar masara biyu, bana ɗaya zai ba ka, ita ma sai ka ja da mai gashin. Malamin lissafi ya yi ciniki har sai da direba ya danna masa oda.

Mun isa da hantsi. Wani dattijo a bakin ƙofa ya dubi yunifom ɗin yarana da ya koɗe, ya dubi silifas ɗin ƙafarsu, ya ce ɗakin taɓawa wata makaranta ce a ciki, mu zagaya mu kalli na cikin gilashi mu wuce. Raina ya ɓaci. Na zaro takardar da suka aiko mana da hatiminsu a jiki, na ce, "Baba, da girmanka, amma daga Zariya muka taso don ɗakin nan. Idan da mutane za mu jira su fito. Ko la'asar za su kai, muna nan." Na zaunar da yarana a inuwar bedi, ni ma na zauna ina kallonsa. Ko rabin sa'a ba a yi ba ya aiko mu shiga.

Ɗakin kuwa abin kallo ne. Tebura gajeru daidai tsayin yara, a kansu ga ƙoƙon bayan kunkuru, ga saɓar maciji, ga sheƙar tsuntsu, ga maganaɗisu da ƙusoshi, ga madubin ƙara girman abu. Wata matashiya mai fara'a ce ke kula da wurin. Ta ce, "To yara, kowa ya ɗauki abin da yake so." Ba wanda ya motsa. Ta sake faɗa. Suna nan tsaye a layi, hannu a baya, suna kallona.

Kunya ta rufe ni. Yanzu na gama faɗa da dattijo don ya so yarana su tsaya a kallo, ashe ni na riga shi ɗaure musu hannu tun daga gida. Ni da nake tsoron maciji ko a hoto ne, na runtse ido na ɗauki saɓar nan na ɗora a tafin hannuna. Ba ta da nauyi ko kaɗan, kamar ɓawon albasa. Na ce musu abin da na koya musu na janye shi, kowa ya saki hannunsa. Nan da nan ɗakin ya kaure da surutu.

Ana cikin haka na ji wani abu ya faɗi. Wata yarinya ce, mafi shiru a ajina, ta ɗaga guntun surin gara da hannu biyu, ya suɓuce ya rabu gida uku a ƙasa. Ta juyo tana kallona, don ita ma ta san sharaɗin hedimasta. Na matsa na tsaya a gabanta, na shirya wa duk abin da za a ce. Sai matashiyar nan ta durƙusa ta ɗauki ɓari ɗaya ta miƙa mata. "Madalla, ƙanwata. Da ba ki fasa ba, da wa zai ga cikinsa? Duba hanyoyin nan." Yaran suka yi caa a kai. Suka ga ɗakuna da lunguna da ƙofofin shan iska da gara ta gina da yawunta da ƙasa. Yarinyar da shekara guda ban ji muryarta a aji ba, ita ce ta tambaya ko gara tana ɓata hanya a ciki. Da za mu tafi, matashiyar ta naɗe mana ɓari ɗaya a takarda, ta ce suri ba ya ƙarewa a daji.

A hanyar dawowa malamin lissafi ya ba ni shawara mu yi shiru da maganar, tunda ba wanda ya kai ƙara. Na ce ban yarda ba. Idan na ɓoye, na koya wa yarinyar nan cewa laifi ta yi ke nan. Kafin magariba muka shigo Tudun Wada, iyaye na jira a ƙofar makaranta, kowane yaro na ƙoƙarin ba da labari kafin ya sauko daga mota.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, yaranmu ba maɓarnata ba ne. Mu manya ne muke jin tsoro a madadinsu, sannan mu kira tsoron tarbiyya.

Ranar Litinin na shiga ofis na kwance takardar da aka naɗe mana surin a kan teburin hedimasta. Na ce, "Yallaɓai, an fasa abu, ga shi nan. Ga kuma takardar neman izinin fita ta zango mai zuwa." Ya ɗaure fuska, ya ɗauki surin yana jujjuyawa. Can ya gyara tabarau ya leƙa ramukan, ya ce wai gara ce ta yi duk wannan? Ya sa farce don ya ga inda wata hanya ta bi, sai gefen ya ɓantare ya zube a kan rajistarsa.

Na ce, "Yallaɓai, kai ma ka fasa." Na tura masa takardar neman izinin da biro.