Ranar da Muka Ɗaga Hanya

Wata Lahadi ce a farkon damina, ƙarfe bakwai na safe, a bakin lungunmu da ke unguwar New Bell a birnin Duwala. Waɗanda suka hallara su ne mahaifina, da limamin masallacinmu, da kawuna wanda bai daɗe da zuwa daga Najeriya ba, da sauran magidanta, da ni. Goggona, yayar mahaifina, tana ƙofar ɗakinta a ƙarshen lungu tana suyar makala, wato fanken mutanen nan. Ba a gayyace ta ba, amma tana jin komai.

A Duwala ta wancan lokacin, kwalta tana ƙarewa ne inda gidajen manya suka ƙare. Daga nan sai jar ƙasa, wadda akan tuna da ita idan zaɓe ya matso. Tamu kuwa ba ta da suna a littafin kowa. An yi ta ne da duk abin da mutane suka gaji da ajiyewa. Shekarun matsi ne, an zaftare albashi, motar gyaran hanya ta daɗe a ajiye har ciyawa ta fito ƙarƙashinta. Jami'in da ke kula da hanyoyin ɓangarenmu ya zo sau ɗaya, ya tsaya inda takalminsa ba zai ɓaci ba, ya shaida mana da Faransanci mai kyau cewa kowa ya yi ta kansa.

Kawu ya taɓa aikin hanya a Arewa. Jan ƙyalle yake riƙewa yana tsayar da motoci, amma wannan ya isa a kira shi Injiniya.

“Magana ɗaya ce,” in ji shi. “Hanya in ta yi ƙasa, ɗaga ta ake yi. Ruwa ba ya hawa tudu.”

Goggo ta ɗago murya daga inda take. “Malam Injiniya, ruwan da za ku kora daga hanya, gidan wa zai sauka?”

“Hajiya, ki ji da kaskonki.”

“Kaskona na san inda mansa ke zuwa. Akwai kwata ta siminti ƙarƙashin ƙafarku, tun ina amarya take nan. Ku tone ta.”

Mahaifina ya ce, “Yaya, a bar wa maza aikinsu.”

Gaskiyar ita ce tonon kwata aikin wari ne, kuma in an gama ba wanda zai gani. Ɗaga hanya kuwa, duk mai wucewa sai ya yi sannu da aiki. Aka zaɓi wanda ake yi wa sannu.

Lahadi uku muna gayya. Masu amalanke suka kwaso fasassun bulo, da dusar katako, da ɓawon ƙwarar manja, da tsofaffin buhuna daga kasuwar Mboppi. A sama muka shimfiɗa jar ƙasa muka daɓe, kamar yadda ake yi a garin da damina ke da kunya. Kwatar ta ƙara nisa da duniya. Da muka gama, hanya ta ɗara dokin ƙofar kowa da taƙi guda, ta ɗara na Goggo da biyu, domin ɗakinta ne mafi kwari. Liman ya yi addu'a.

Ruwan ya sauko ranar Laraba bayan azahar, bai ɗauke ba sai Juma'a. Kawu bai yi ƙarya ba: ko ɗigo bai kwanta a hanya ba. Na iske Goggo tsaye a kan gado, ruwa ya kai rabin ƙafafunsa, buhunan fulawarta biyu sun zama kunu. Ba ta yi faɗa ba. Ta dai ce in kira mata Injiniya ya zo ya tsayar da ruwan da jan ƙyalle.

Bayan mako biyu jami'in ya dawo. Wannan karon ya taka har ƙarshen lungu takalminsa fes, ya yaba da kishin al'umma, ya ce da kowace unguwa za ta yi haka da hukuma ta huta. Ya kuma cire lungunmu daga jerin hanyoyin da ke jiran gyara.

Goggo ta yi damina ɗaya tana kwarfar ruwa da kwano. Kafin ta biyu ta koma unguwar Ndogpassi wajen 'yarta, aka mai da ɗakin wurin ajiye gawayi, shi ma a kan benci saboda ruwa.