Tulun Kakata

Ko zan manta komai a duniya, ba zan manta ranar da aka karɓe tulu daga hannuna aka miƙa wa wata ba. Tulun da nake nufi shi ne wanda matan zumunta ke bugawa a coci, a riƙa dukan bakinsa da soso yana ba da amo. A 'yar cocinmu da ke wani ƙauye kusa da Gafasa, tulun nan na gidanmu ne. Kakata ce ta kawo shi, mahaifiyata ta buga, ni ma na gada. Babana dattijon coci ne, yayana yana aiki a sakatariya a Gaya, bencin gaba kuwa kowa ya san namu ne. Ina ji da kaina a lokacin, ba ƙarya.

Sai wata mata ta fara zuwa. Bamagujiya ce daga wani ƙauye can ciki, mijinta ya rasu, kuma kowa ya san burkutu take dafawa a da. Ba ta iya karanta littafin waƙa ba. Bakin ƙofa take zama, in an tashi ta riga kowa fita, don ta lura mata na janye zani in ta matso kusa.

Muna gwajin waƙar godiyar kaka, sai shugabar zumuntarmu, wata tsohuwa da kowa ke kira Mama, ta dube ni ta ce, "'Yata, miƙa wa baƙuwarmu tulun nan. Ita za ta buga ran Lahadi."

Matar ma ta ruɗe. "A'a Mama, ku bar wa Malama abinta. Ni nan baya ya ishe ni."

Mama ta jawo hannunta ta zaunar da ita kusa da ita, shi ke nan magana ta ƙare.

Da ma ta iya, da da sauƙi. Ran Lahadi waƙa na gabas, bugunta na yamma, Mama na tafa mata tana dawo da ita hanya. Ga shi ta ɗaura zanin ankon Mama, tana ta murmushi, jama'a na yi mata guɗa. Ni da na yi shekaru ina bugawa ba kuskure, ba a taɓa yi min guɗa ba. Don kishi, ko baiti ɗaya ban rera ba.

Da yamma na sami Mama a gida tana ɓarar gyaɗa, tulun na jingine a gefenta. Ko gaisuwar kirki ban yi ba.

"Mama, tulun gidanmu ne fa. A rasa wadda za a ba sai mai burkutu?"

Ba ta ɗago kai ba. "Kin san abin da aka fara zubawa a cikinsa? Kakarki ta fi matar nan iya burkutu nesa ba kusa ba. Ranar da ta fara zuwa coci, ita ma bakin ƙofa ta raɓe. Uwata ce ta matsa mata a tabarma. Da ta bar sana'ar, lokacin godiyar kaka ya zo ba ta da ko damin gero, sai ta wanke tulun giyarta ta kawo wa Ubangiji."

Na leƙa cikin tulun. Baƙi ƙirin yake, ni kuwa duk shekarun nan na ɗauka tsufa ne.

Ba zan ce kishin ya tafi nan take ba, ya daɗe yana cina. Matar nan har yau takan kuskure bugu, yanzu ni ce mai tafa mata. Amma tun ranar na gane wurin da nake taƙama da shi ba gadon gidanmu ba ne. Wata ce ta matsa wa kakata a tabarma ta zauna, kuma wanda aka matsa wa ba shi da bakin hana wani wuri.